Masu Ibada Bisa Duwatsu: Daga Dutsen Gaya na Koriya Zuwa Muƙaɗɗam na Alƙahira

Jawabinmu na wannan karo ya samo asali ne daga wata takarda da wani ɗalibi Bahaushe ya aiko mana daga birnin Alƙahira. Yana karatu a Jami'ar Azhar, yana kuwa zaune a unguwar da a ke kira Arba wa Nus, can gabashin birni kusa da Madinatu Nasr. Ma'anar sunan da Larabcin Masar ita ce huɗu da rabi, gama unguwar ta tsiro ne daidai kilomita 4 da rabi bisa hanyar da ta nufi Suwais. Masarawa kuma suna kiranta Izbatul Hajjana, kuma baƙi da yawa daga Sudan da sauran ƙasashen Afirka sun sami matsuguni a cikinta.

Malamin ya ce ya ga hoton wani ɗakin ibada na mabiya addinin Buddha wanda aka gina can cikin kurmi a kafaɗar dutse, inda sai an sha wuya kafin a kai. Ya tambaye mu abu uku: me ya sa su ke guje wa gari su tafi dutse, me baƙo zai gani in ya ziyarci irin wannan wuri, kuma ko akwai makamancinsa a ƙasar Masar. To, Malam, ga amsa gwargwadon hali.

Wane ne Buddha?

Sunansa na yanka Siddatta Gautama, ɗan sarauta ne, an haife shi a Lumbini cikin ƙasar da a yau a ke kira Nefal, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya bar gidan sarauta ya shiga daji yana neman sanin dalilin wahalar da ɗan Adam ke sha a duniya. Daga baya ya koyar da cewa kwaɗayi da son zuciya su ne tushen wahala, maganinsu kuwa shi ne horon rai. Kalmar Buddha laƙabi ce, ma'anarta wanda ya farka. Malaman Musulunci na da ba su jahilci labarinsa ba. Shahrastani, wanda ya rasu a shekarar 1153, ya yi bayanin mabiyansa cikin littafinsa na Al-Milal wan Nihal, inda ya tattara labarin addinan duniya domin masu neman sani.

Tun zamanin Buddha almajiransa su kan tsaya wuri guda wata 3 na damina, su daina yawo, su duƙufa kan nazari. Daga wannan al'ada ne gidajen ruhubanawansu suka samo asali. Suna son wurin da babu hayaniya, amma wanda bai yi nisa ainun da masu ba su sadakar abinci ba, saboda haka gindin dutse da kafaɗarsa suka fi dacewa da su. Addinin ya shiga ƙasar Sin a ƙarni na 1 na Miladiyya, ya isa Koriya a shekarar 372. A Koriya akwai wani dalili na biyu. Sarakunan gidan Joseon, waɗanda suka hau mulki a 1392, sun bi tafarkin Konfushiyas, suka matsa wa ruhubanawan Buddha, suka rufe ɗakunan ibadarsu da yawa na cikin birane. Waɗanda ke kan duwatsu ne suka fi tsira.

Ziyara zuwa Haeinsa

Bari mu ɗauki misali guda, watau gidan ibada na Haeinsa a Koriya ta Kudu. Yana bisa Dutsen Gaya, amma fa ba Gaya ta ƙasar Kano ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Tsayin dutsen ya kai wajen mita 1,430. An kafa gidan a shekarar 802. Mai ziyara ya kan shiga mota daga birnin Daegu, ya yi tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi, sa'an nan ya sauka ya ƙarasa da ƙafa ta cikin manyan itatuwa, rafi na gudana a gefensa. Zai ratsa ƙofofi bi da bi, kowace tana sama da wadda ta gabace ta, kuma a wurin masu addinin kowace ƙofa alama ce ta barin wani abu na duniya a baya. Daga nan zai fito wani fili mai faɗi inda babban ɗakin ibada ya ke, da rufin tayil mai lanƙwasa a kusurwoyi, da ginshiƙan katako masu ado, da mutum-mutumin Buddha a ciki.

Mutanen gidan su kan tashi tun kafin asuba. A kan kaɗa wata ƙatuwar ganga, a buga ƙararrawar tagulla, sa'an nan su taru su yi karatunsu. Ba su cin nama. Tun shekarar 2002 gidajen ibada da yawa na Koriya suka buɗe ƙofa ga baƙi masu son kwana ɗaya ko biyu domin su ga yadda a ke zama a ciki. Ladabin ziyara ba shi da wuya. A kan tuɓe takalmi a bakin ɗaki, a shiga ta ƙofar gefe domin ta tsakiya ta ruhubanawa ce, a sassauta murya, a kuma nemi izini kafin a ɗauki hoto. Baƙon da ya zo ganin tarihi ba sai ya rusuna wa kome ba, ya isa ya tsaya daga gefe cikin natsuwa, kamar yadda mu ma za mu so baƙo ya yi in ya shigo masallacinmu.

Amma abin da ya sa sunan Haeinsa ya game duniya yana bayan babban ɗakin, a wuri mafi tsayi. Can ne a ke ajiye da allunan katako 81,258 waɗanda aka sassaƙa littattafan addinin Buddha a jikinsu da rubutun Sinanci. Sunan littattafan Tripitaka, watau kwanduna uku. An sassaƙa rubutun a juye ne, gaba da baya, ta yadda in aka shafa wa allo tawada aka danna takarda sai shafi ya fito daidai. Faɗin kowane allo wajen santimita 70 ne, tsayinsa wajen 24, kuma in aka haɗa haruffan duka sun zarce miliyan 52.

Akwai labari a bayan waɗannan alluna. Koriyawa sun taɓa sassaƙa irinsu tun da farko, sai mayaƙan Mongol suka ƙone su a shekarar 1232. Ana cikin yaƙin aka sake ɗaura aniya, aka fara sabon aiki wajen 1237, aka shafe fiye da shekara 10 ana yi. An jiƙa katakon cikin ruwan teku, aka dafa shi cikin ruwan gishiri, aka shanya shi a inuwa, bayan sassaƙa kuma aka shafe shi da wani irin ƙaro, aka ɗaure kusurwoyinsa da ƙarfe don kada ya karkace. An kawo allunan Haeinsa a 1398.

Rumbunan da aka gina musu a ƙarni na 15 su ma abin lura ne. Tagogin bangon gaba da na baya girmansu ya bambanta, na sama da na ƙasa ma haka, saboda iska ta riƙa shiga tana zaga allunan tana fita. An cika ƙarƙashin daɓen da gawayi da gishiri da farar ƙasa da yashi, su tsotse laima da damina, su sake ta da rani. A shekarun 1970 an gina wani sabon ɗakin ajiya na siminti, amma da aka gwada shi da 'yan alluna sai suka fara yin fumfuna, aka koma ga hikimar mutanen da. Gobara ta cinye yawancin gine-ginen gidan a 1817, rumbunan suka tsira. A lokacin yaƙin Koriya kuma, cikin 1951, an umurci wani hafsan mayaƙan sama mai suna Kim Young-hwan ya yi wa wurin ruwan bama-bamai domin abokan gaba sun ɓuya a dutsen, ya ƙi. Hukumar UNESCO ta sanya rumbunan cikin kayan tarihin duniya a 1995.

Ka ga ke nan, Malam, mutanen da suka hau dutse neman kaɗaici sun wayi gari su ne masu tsaron ilmin al'ummarsu. Tsayin dutse ya taimaka, amma abin da ya kiyaye allunan nan fiye da shekara 600 a Haeinsa shi ne ba a taɓa rasa masu share su da gyara rufinsu ba.

Buddha a ƙasar Masar

Masar ba ƙasar mabiya Buddha ba ce, amma akwai sawunsu guda biyu. A watan Afrilu na 2023 hukumomin Masar suka ba da sanarwar cewa masu haƙar kayan tarihi sun tono wani mutum-mutumin Buddha na marmara, mai tsayin santimita 71, a Baranis, wata tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya. Na zamanin Rumawa ne, sa'ad da fatake ke kai da kawowa tsakanin Masar da Indiya. Na biyu yana Hilwan, kudancin Alƙahira, inda layin jirgin ƙasa na cikin birni ya ƙare. Can akwai Lambun Japan, wanda aka kafa wajen 1917, da mutum-mutumin Buddha masu yawa a jere bakin tafki. Wannan wurin shan iska ne kurum, don ado aka yi su.

In kuwa abin da ka ke nema shi ne dutsen da masu ibada suka mayar wurin halwa, har ya zama ma'ajiyar tarihin ilmi, to, yana kusa da kai. In hanya ta yi kyau, ba za ka yi sa'a guda a mota daga Arba wa Nus ba sai ka isa gindin Dutsen Muƙaɗɗam.

Dutsen Muƙaɗɗam

Muƙaɗɗam tsauni ne na farin dutse wanda ya tokare Alƙahira daga gabas, tsayinsa wajen mita 200. Sunansa na nufin yankakke. Daga Ɗura, a kudancin wannan jerin tsauni, Fir'aunoni suka yanko farin dutsen da suka lulluɓe dalar Giza da shi.

Ibn Abdil Hakam, mai tarihin buɗe Masar wanda ya rasu a 871, ya ruwaito cewa bayan da Amru ɗan Asi ya ci ƙasar, Muƙauƙis shugaban mutanen Masar ya nemi ya sayi gindin dutsen a kan dinari 70,000. Amru ya yi mamaki, gama wurin ba ya noma, ba shi da ruwa. Ya rubuta wa Halifa Umaru, shi kuwa ya ce a tambayi dalili. Muƙauƙis ya ce sun samu cikin littattafansu cewa a nan ne dashen Aljanna ya ke. Halifa ya amsa da cewa muminai su ne dashen Aljanna, saboda haka kada a sayar, a mai da wurin maƙabartar Musulmi. Wannan shi ne asalin maƙabartar Ƙarafa, wadda ta shimfiɗu a gindin dutsen har yau.

Wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa, in ya shiga Ƙarafa, zai tarar da sunayen da ya saba ji a bakin malaminsa. Kusa da dandalin Sayyida A'isha, ƙarƙashin Ƙal'ar da Salahuddin ya fara ginawa a 1176, akwai kabarin Jalaluddin Suyuɗi, ɗaya daga cikin Jalalu biyu masu Tafsirin Jalalaini, wanda ya rasu a 1505. Shi ne ya rubuto takardar nasiha zuwa ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, kuma Askiya Muhammadu na Sanwai ya gana da shi a tafiyarsa ta aikin haji. Gaba kaɗan akwai hubbaren Malikawa, inda Ibnul Ƙasim ya ke kwance, almajirin Imamu Malik wanda ya rasu a 806. Daga bakinsa Sahnun ya ɗauki Mudawwana, uwar littattafan mazhabar da a ke bi daga Borno har Futa. In ka ci gaba kudu za ka hangi ƙubbar Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820. Malikul Kamil, ɗan ƙanen Salahuddin, ya gina ta a 1211, kuma a ƙwanƙolinta akwai siffar wani ɗan jirgin ruwa na tagulla wanda a kan ce da ana zuba wa tsuntsaye hatsi a ciki.

Daf da jikin dutsen kuma sufaye ne. Umaru Ibnul Farid, mawaƙin begen Ubangiji wanda ya rasu a 1235, ya kan bar gari ya shige kwazazzaban Muƙaɗɗam ya yi kwanaki shi kaɗai, kuma a gindinsa aka binne shi. Haka kuma Ibn Aɗa'illah, mai littafin Hikam, wanda ya rasu a 1309. Halwa a dutse ba baƙon abu ba ce ga Musulmi, gama kowa ya san labarin Kogon Hira da na Dutsen Ɗuri Sina. Aƙida ta bambanta ƙwarai tsakanin waɗannan bayin Allah da mutanen Dutsen Gaya, amma buƙatar nisantar kasuwa domin zuciya ta natsu abu ne da ɗan Adam ya sani ko'ina.

In ka ɗaga kai daga Ƙarafa za ka hangi wani ɗan masallaci tsaye a bakin gaɓar dutse. Wannan shi ne Masallacin Juyushi, wanda Badrul Jamali, wazirin Halifa Mustansir na Faɗimawa, ya gina a 1085. Laƙabinsa Amirul Juyush, watau sarkin yaƙi, daga nan sunan ya fito. Hasumiyarsa tana cikin mafiya daɗewa a Alƙahira. Ya yi shekaru da yawa yana kango kafin jama'ar Bohra ta Indiya ta gyara shi a shekarun 1990, ko da ya ke waɗansu masana sun yi ƙorafin cewa gyaran ya sake masa kama. Daga wannan tudu, in gari ya yi garau, ana ganin birnin duka da Kogin Nilu, har da dalar Giza can yamma.

Kiristocin Masar, watau Kibɗawa, su ma suna da nasu rabo a dutsen. A gefen arewa, a Manshiyatu Nasir, akwai unguwar Zabbalin, masu kwasar sharar birni su tace ta, waɗanda suka tare a wurin wajen 1970. Cikin kogunan da masu fasa dutse suka bari, sun sassaƙa majami'u da sunan Sam'anu Majemi, wani waliyyinsu na zamanin Halifa Mu'izzu a ƙarni na 10. Babbar cikinsu tana ɗaukar mutum fiye da 10,000. Baƙi na kowane addini suna zuwa kallo, kuma ladabin da muka faɗa game da Haeinsa shi ne ladabin nan ma.

Abin da ke cikin haɗari

Bambancin da ke tsakanin duwatsun nan biyu shi ne Dutsen Gaya yana nan cikin kurminsa, Muƙaɗɗam kuwa birni ya cim masa, ya haɗiye shi. An gina unguwanni a samansa da gindinsa. Ruwan ƙazanta da ke tsiyaya daga gidajen sama ya riƙa ratsa dutsen yana raunana shi, har ran 6 ga Satumba 2008 waɗansu manyan duwatsu suka ɓalle suka faɗa kan gidajen talakawa a Duwaiƙa, mutum fiye da 100 suka rasu.

Ƙarafa ma ba ta tsira ba. Ko da ya ke tsohon birnin Alƙahira yana cikin kayan tarihin duniya tun 1979, a 2020 da 2023 an rushe kaburbura da yawa domin a shimfiɗa sababbin hanyoyin mota. Hukuma ta ce ba ta taɓa gine-ginen da ke cikin rajistar kayan tarihi ba, kuma birni mai mutum fiye da miliyan 20 yana buƙatar hanyoyi. Masana tarihi kuwa suka ce akwai kaburbura masu daraja da yawa waɗanda ba a taɓa sa su cikin rajistar ba, kuma abin da aka rushe ba ya dawowa. A ɗaya gefen, ƙubbar Imamu Shafi'i ta sami masu kula, aka yi shekaru ana gyaranta, aka sake buɗe ta a 2021.

Mu ma a gida muna da abin dubawa. Tarihin Kano ya nuna cewa bisa Dutsen Dala ne Barbushe ya ke ganawa da Tsumburbura kafin zuwan Musulunci, kuma a gindinsa birnin ya tsiro. Bautar nan ta wuce tun da daɗewa, amma dutsen shaida ne na asalin gari. Gidaje sun kewaye shi, zaizayar ƙasa tana cinsa, kuma da yawa cikin waɗanda aka haifa a inuwarsa ba su taɓa hawansa ba.

Saboda haka, Malam, shawararmu ita ce wata Juma'a ko ranar hutu ka tara 'yan'uwanka ɗalibai na Arba wa Nus ku sauka dandalin Sayyida A'isha da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Ku riƙe ruwan sha, ku nemi wanda ya san lungunan Ƙarafa ya yi muku jagora, ku kuma girmama mutanen da ke zaune cikinta, gama gidajensu ne. Ku yi wa malaman da ku ke karanta littattafansu addu'a, ku rubuta abin da kuka gani da ranar da kuka gan shi. Gani ya kori ji, kuma wata rana in kun koma gida almajiranku za su tambaye ku inda Ibnul Ƙasim ya ke kwance.

Allah ya ba da nasarar karatu.